Yadda Muke Auna Abin da Ma'aikatan Zakka da Waƙafi Suka Koya

 

A cikin shafukan lissafi na wannan rahoto akwai layin da ke nuna abin da aka kashe wajen horar da ma'aikata. Mai karatu yana iya wuce shi bai tsaya ba, domin ba ya ɗaukar ido kamar buhunan abincin da aka raba ko rijiyoyin da aka haƙa. Amma wanda ya tsaya a kansa yana da haƙƙin ya tambaye mu me wannan kuɗi ya haifar. An gayyato malamai, an kama ɗakin taro, an raba takardun shaida, an ɗauki hoto. To, ma'aikacin da ya fito daga ɗakin ya iya wani abu da bai iya ba kafin ya shiga? Idan kuma ya iya, yana aikata shi a ranar da ya tsaya shi kaɗai gaban manomi a bakin rumbu? Wannan bayani zai nuna hanyoyin da muke bi domin samun amsa, da kuma gurbin da ku masu bayarwa da kwamitocin masallatai kuke da shi a cikin aikin.

Me ya sa zancen ya shafi mai bayarwa

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kaso takwas da ake ba zakka, na uku a cikinsu su ne ma'aikatanta, wato masu tattarawa da masu rubutawa da masu tsarewa da masu rarrabawa. Duk abin da ma'aikaci ya karɓa daga wannan kaso ya fito ne daga dukiyar da faƙiri da miskini suke da rabo a cikinta. Saboda aikinsa aka ba shi, shi ya sa malamai suka ce ana ba shi ko da mawadaci ne. Wanda ake biya saboda aiki kuwa dole ne ya iya aikin. Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa, sun gindaya sharuɗɗa ga mai tattarawa da mai rarrabawa, daga ciki akwai adalci da sanin hukuncin zakka. Adalci ana gane shi ta zaman tare da shaidar jama'a. Sanin hukunci kuwa abu ne da ake iya gwadawa, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kuskuren ma'aikacin zakka ba ya tsayawa a kansa. Idan ya karɓi fiye da abin da ya wajaba, ya zalunci mai dukiya. Idan ya karɓi ƙasa da haka, mai dukiya zai koma gida yana zaton ya sauke nauyi alhali da saura a wuyansa, faƙiri kuma ya rasa haƙƙinsa bai ma sani ba. Idan ya ba wanda bai cancanta ba, wani da ya cancanta ya kwana da yunwa. Duk waɗannan suna iya fitowa daga hannun mutumin kirki mai kyakkyawar niyya, wanda ba shi da aibi sai ƙarancin sani.

Asalin aikin a zamanin farko

Koyar da ma'aikaci kafin a tura shi, da binciken aikinsa bayan ya dawo, duka biyun sun tabbata daga Manzon Allah (SAW). Lokacin da ya aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya tsara masa aikin daki-daki: ya fara da tauhidi, sannan salla, sannan zakkar da za a karɓa daga mawadatansu a mayar wa talakawansu. Ya kuma gargaɗe shi da ya nisanci zaɓar mafi kyawun dukiyar mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Sayyidina Abubakar shi ma, da ya tura Anas ɗan Malik zuwa Bahrain, ya haɗa shi da rubutacciyar takarda mai ɗauke da ƙididdigar zakkar raƙuma da tumaki da azurfa, domin kada ma'aikaci ya dogara da abin da ya tuna kawai.

Game da bincike kuwa, Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wakilta wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya kan zakkar Banu Sulaim, kuma da ya dawo ya yi masa lissafi. A wurin lissafin ne mutumin ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) ya tsawatar da haka a bainar jama'a, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa wannan kyauta. Abin lura shi ne, a wurin binciken aiki aka gano giɓin da ke cikin fahimtar ma'aikacin, kuma daga nan aka karantar da al'umma baki ɗaya.

Matakai huɗu na awo

A shekarar 1959 wani malamin jami'a ɗan Amurka mai suna Donald Kirkpatrick ya wallafa jerin maƙaloli da suka zama ginshiƙi a wannan fanni, daga baya ya tattara ra'ayinsa cikin littafi a 1994. Ya kasa awon horo mataki huɗu. Na farko, yaya mahalarta suka ji game da horon. Na biyu, me suka koya. Na uku, me ya canza a yadda suke aiki. Na huɗu, wane amfani ya kai ga ma'aikatar da waɗanda take yi wa hidima. Kowane mataki ya fi na bayansa wahalar aunawa, ya kuma fi shi daraja.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Almajiri ba ya wanke allo don ya daɗe yana riƙe da shi, sai ya biya wa malam babu gyara. Ba a kiran mutum alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka. Tela ba ya yaye yaronsa don yaron ya ce ya gane, sai ya miƙa masa almakashi da yadi ya ga abin da zai fito. Iyayenmu sun daɗe da sanin bambancin zama a gaban malami da iya abu. Mun aro tsarin matakan huɗu ne domin yana taimaka mana mu riƙe wannan bambanci a cikin ma'aikata mai ofisoshi da takardu.

Mataki na farko: ra'ayin mahalarta

A ƙarshen kowace bita muna raba gajeriyar takarda da ba a rubuta suna a kanta. Muna tambaya ko harshen da aka yi amfani da shi ya fito fili, ko lokaci ya isa, wane darasi ne ya shige duhu, wane ne kuma bai shafi aikinsu ba. Amfanin wannan shi ne gyara bitar gaba. Iyakarsa ke nan. Mutanenmu masu kara ne, da wuya ɗalibi ya rubuta cewa malami bai gamsar da shi ba, kuma malami mai daɗin baki yana iya samun yabo alhali an tashi babu abin da ya zauna. Saboda haka ba ma kafa hujja da wannan takarda a kan cewa an koyi wani abu.

Mataki na biyu: abin da ya shiga kai

Muna yin gwaji sau biyu, ɗaya kafin a fara darasi, ɗaya bayan an kammala, da tambayoyi masu nauyi ɗaya. Idan an yi na ƙarshe kawai, ba za a bambance wanda bitar ta koyar da wanda ya zo da saninsa daga makarantar zaure ba. Gwajin farko yana kuma nuna wa malami inda ya kamata ya daɗe.

Ba ma tsayawa kan tambayar hadda. Kusan kowane ma'aikaci zai faɗi cewa nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kuma ana fitar da kashi 2.5 cikin 100. Aikin fili ba ya zuwa da wannan siffa, yana zuwa ne a matsayin mutum mai dukiya cakuɗe da tambaya. Don haka mas'aloli muke ba su, irin waɗannan.

Manomi ya samu sa'i 200 na gero da sa'i 200 na dawa. Nisabin amfanin gona wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300. Mai gaggawa zai haɗa ya ce 400 ya wuce nisabi. A mazhabar Malikiyya gero jinsi ne daban, dawa jinsi ne daban, shinkafa ma haka, ba a haɗa su domin cika nisabi, don haka babu zakka a kan wannan manomi.

Wani ya noma shinkafar rani da injin ban ruwa, kuma ana bin sa bashin taki. Ma'aikaci zai nuna cewa abin da aka shayar da wahala da tsada kashi 5 cikin 100 ake fitarwa, na ruwan sama kuwa kashi 10. Zai kuma nuna cewa a mashahurin zancen mazhaba bashi yana shafar zakkar kuɗi, amma ba ya sauke zakkar amfanin gona da ta dabbobi.

Makiyayi yana da shanu 70, shida daga ciki na huɗa ne. A Malikiyya shanun aiki da na turke duk ana ƙidaya su. A shanu 30 ana fitar da tabi'i, wato maraƙin da ya cika shekara biyu, a 40 kuma musinna, wato saniyar da ta cika shekara uku. Mai 70 zai fitar da tabi'i ɗaya da musinna ɗaya.

Wata baiwar Allah tana da tumaki 25 da awaki 20. Kowanne shi kaɗai bai kai 40 ba, amma tumaki da awaki ana haɗa su, sun zama 45, sai a fitar da dabba ɗaya daga waɗanda suka fi yawa. Muna sanya wannan mas'ala kusa da ta gero da dawa da gangan, domin mu ga wanda ya san inda ake haɗawa da inda ba a haɗawa.

Ɗan kasuwa mai jujjuya haja yana da naira miliyan 10 a banki, hajar da darajarta ta kai miliyan 40 a ranar cikar shekara, da bashin miliyan 5 da yake bin mutanen da ake sa ran za su biya. Ana bin sa miliyan 15, kuma ba shi da wata kadara da za a jingina bashin a kanta. Yana da kantoci da sikeli a shago. Amsar ita ce a bar kantoci da sikeli, a haɗa 10 da 40 da 5, a cire 15, saura miliyan 40, zakkarsa naira miliyan 1. Sannan mu sauya mas'alar, mu ce hajar ajiye ta ya yi yana jiran farashi ya tashi, mu ga ko ma'aikacin ya san cewa hukuncin mai irin wannan ciniki daban ne, sai ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya.

Bayan takarda akwai gwajin hannu. Littattafai suna magana da sa'i da mudun Annabi, inda mudu 4 yake sa'i 1, manomi kuwa yana magana da dami da tiya da buhu, kuma girman waɗannan ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Muna ajiye hatsi da ma'aunai a gaban ma'aikaci ya auna, ya faɗi buhu nawa ne nisabi a garin da zai yi aiki. Haka nan nisabin kuɗi yana tafiya da farashin zinariya, don haka abin da muke nema shi ne ya san inda zai duba adadin da ake ciki a wannan wata, kada ya riƙe na bara. Wanda ya fi sakewa da ajami ko Larabci yana amsawa da shi, wanda kuma baki ya fi masa sauƙi ana yi masa tambaya baki da baki, domin sanin zakka muke aunawa.

Mantuwa da tishi

Sakamakon ranar rufe bita yana da yaudara. Tun a 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya sabo yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sannan zubewar ta lafa, kuma maimaitawa a lokuta masu tazara ta fi zama a kai bisa tara karatu a zama ɗaya. Malaman allo sun riga sun gina tishi da tilawa a kan wannan. Aikin zakka ya fi buƙatar hakan domin na lokaci-lokaci ne: zakkar hatsi da kaka, zakkar fidda kai a ƙarshen azumi, 'yan kasuwa da yawa kuma suna fitarwa a Muharram ko Ramadan. Wanda aka koya wa awon hatsi da bazara, kafin a kai ga girbi rabin abin ya tafi. Saboda haka muke sanya kowace bita kusa da lokacin aikinta, muke kuma aika wa ma'aikata mas'ala ɗaya ko biyu ta waya lokaci zuwa lokaci, sannan mu sake gwaji bayan 'yan watanni ba tare da dogon shiri ba. Makin wannan gwaji na baya shi muke ɗauka da muhimmanci.

Mataki na uku: abin da ya bayyana a aiki

Nan ne gani yake korar ji. Mutum yana iya cinye duk mas'alolin da ke sama, ya fita fili ya koma yadda ya saba. Hanyoyi uku muke bi domin gano abin da ke faruwa bayan an bar aji.

Ta farko ita ce rakiya. Babban ma'aikaci yana bin ƙarami wurin aiki da takardar abubuwan lura da aka riga aka nuna wa kowa. Ya tambayi mai dukiya ranar cikar shekararsa da basussukansa kafin ya fara lissafi? Ya bayyana masa yadda adadin ya fito har ya gamsu? A garke, ya ɗauki matsakaiciyar dabba, ya bar zaɓaɓɓiya ya kuma ƙi mai aibi? Ya ba da rasit nan take? Ya yi wa mai bayarwa addu'a, kamar yadda aya ta 103 a Suratut Tauba ta yi umarni? Da aka miƙo masa wani abu na kansa, ya mayar cikin ladabi? Mun san cewa kowa yakan gyara zama idan ana kallonsa, shi ya sa rakiya ita kaɗai ba ta wadatarwa.

Ta biyu ita ce duba takardu. Muna zaro wasu daga cikin takardun lissafin da ma'aikaci ya cike, ba tare da ya san waɗanda za a ɗauka ba, wani daban ya sake lissafin daga tushe. Ana gwada lambobin rasit da abin da ya shiga asusu. Ana duba ko an ware zakka daban, sadaka daban, kuɗin waƙafi daban, domin kowanne yana da wurin da shari'a ta ce a kai shi. Takarda ba ta da kara, abin da aka yi shi take nunawa.

Ta uku ita ce jin bakin waɗanda aka yi wa hidima. Wani wanda ba shi ya raba ba yana komawa wurin wasu daga cikin masu karɓa ya tambaye su nawa ya iso hannunsu, ko an nemi wani abu a wurinsu, da yadda aka yi musu magana. Wannan ɓangare yana da nauyi a wurinmu. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ma'aikacin da ya daka wa gwauruwa tsawa a layi, ko ya ɗauki hotonta ya saka a Facebook ko WhatsApp ba da yardarta ba, ya cutar da ita da sunan wanda ya bayar. Sirrin mabuƙaci amana ce a addini, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Haka kuma aya ta 273 a wannan sura ta siffanta faƙiran da kamun kansu ke sa wanda bai sani ba ya zaci mawadata ne. Ma'aikacin da rajistarsa ta cika da masu zuwa ƙofar ofis kawai, babu ko ɗaya daga irin waɗannan, bai riga ya ƙware a aikin tantancewa ba.

Idan ilimi ya shiga amma aiki bai canza ba, ba ma gaggawar ɗora laifi kan ma'aikaci. Kirkpatrick da kansa ya nuna cewa canji yana buƙatar yanayin da zai karɓe shi. Wanda aka koya wa ba da rasit nan take amma littafin rasit ya ƙare, ko aka koya masa ziyarar gida kafin sanya suna amma babu kuɗin mota, ko shugabansa ya nuna masa cewa tsohuwar hanya ta fi sauri, ƙarin bita ba za ta gyara shi ba. Sau da yawa awon koyon ma'aikata yana komawa ya zama awon shugabanninsu, kuma muna karɓar hakan.

Mataki na huɗu: amfanin da ya kai ga jama'a

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a ce idan kuɗin da aka tara ya ƙaru, horo ya yi amfani. Muna taka-tsantsan da wannan. Yawan abin da aka tara yana bin damina da farashi da zaman lafiya da faɗuwar darajar naira, abubuwan da ba su da alaƙa da aji. Akwai kuma haɗarin da masanin tattalin arziki na Ingila Charles Goodhart ya yi nuni da shi a 1975, cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake kora. Idan aka auna mai tattarawa da yawan abin da ya kawo kaɗai, za a wayi gari yana haɗa gero da dawa, yana zaɓar bijimi mafi ƙiba, wato ainihin abin da aka gargaɗi Mu'azu a kansa. Ma'aikacin da ya ce wa manomi babu zakka a kanka bana, ya dawo hannu wofi, yana iya zama shi ne ya fi kowa koyo.

Alamomin da muka fi dogara da su su ne waɗanda ke hannun ma'aikaci: yawan kurakuran lissafi da masu bincike suka samu, sunayen da suka maimaitu a rajista, ƙorafe-ƙorafen da suka zo da irinsu, da tsawon lokacin da zakka take yi tsakanin karɓa da rabawa, tun da malaman mazhaba sun wajabta gaggauta rabonta a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai idan akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa. Inda aka horar da wani ofishi kafin wani, muna gwada su a kan waɗannan alamomi, domin hakan ya fi nuna abin da horon ya haifar.

Ma'aikatan waƙafi

Kuskuren zakka yana iya tsayawa a shekara ɗaya, na waƙafi kuwa yana bin zuriya. Asalin babin shi ne filin Sayyidina Umar na Khaibar, wanda aka tsare asalinsa, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, ake ciyar da amfaninsa. Mai kula da waƙafi muna gwada shi ne da takardar waƙafi a hannu. Muna ce masa wani ya yi waƙafin shaguna domin karatun marayu, rufin masallacin unguwa yana yoyo, kwamiti ya roƙi a ba da kuɗin hayar bana. Amsar da muke nema ita ce sharaɗin mai waƙafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, sai a nema wa masallaci wata hanya, kuma ita ma zakka a wurin jumhurun malamai ba a gina masallaci da ita. Muna tambayarsa me za a fara yi da kuɗin haya idan ginin kansa ya tsage, mu ga ko ya san cewa gyaran asali yana gaba da rabo. Muna duba ko hayar da ya sanya ta yi daidai da ta makwabta, ko kuwa an sassauta wa wani saboda sanayya. A aikace kuma muna duba ko takardun mallaka suna ajiye a wuri amintacce, da ko yana ziyartar kadarar da idonsa.

Adalci ga wanda ake aunawa

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan ma'aikata suka ɗauki gwaji a matsayin tarko, za su ɓoye abin da ba su sani ba, a nan kuma kuskure yake girma. Saboda haka kowa yana sanin abin da za a auna tun kafin a fara, sakamakonsa kuma tsakaninsa ne da shugabansa. Wanda ya gaza a wani babi ana haɗa shi da wanda ya ƙware, ba a tura shi shi kaɗai kan wannan babi sai ya sake gwaji ya haye. Muna bambanta rashin sani da cin amana: na farko maganinsa karatu, na biyu yana da nasa hukunci a ƙa'idojin aiki. Muna kuma yaba wa wanda ya ce wa mai dukiya zai tambayo malamai ya dawo, domin sanin iyakar kai yana cikin abin da muke koyarwa. Shugabannin sassa su ma suna zama su amsa mas'alolin da na ƙasa da su suka amsa.

Abin da muke roƙo a wurinku

Iyayenmu limamai da 'yan'uwa mambobin kwamitocin masallatai, ku ne kuke ganin ma'aikatanmu a inda ba ma ganinsu. Muna roƙon ku sanar da mu abin da kuka gani, mai kyau da akasinsa, tare da rana da wuri, domin magana mai rana da wuri ita ake iya bi a gyara. Waɗanda kuke turowa su taimaka da tattarawa ko rarrabawa, ku ba su damar halartar bita da gwaji tare da ma'aikatanmu, tun da sharaɗin sanin hukunci bai ware ɗan sa kai ba. Mas'alolin da suka taso a unguwanninku suka ɗaure kai, ku aiko mana da su ba tare da sunayen masu su ba, za mu kai wa malamai, sannan su zama darasi a bita ta gaba.

Ku kuma masu bayarwa, Allah ya saka muku da alheri, kada kunya ta hana ku neman rasit, ko neman a nuna muku yadda aka yi lissafinku layi-layi. Ma'aikacin da ya koya zai yi farin ciki da tambayar. Muna kuma roƙon kada a ba mai tattarawa kyauta, komai ƙanƙantarta, domin a taimake shi ya tsare amanarsa. Duk wanda yake son ganin samfurin mas'alolin gwaji ko takardar abubuwan lura, ƙofar ofishinmu a buɗe take.